Kifin Wata na Teku da Darasinsa ga Masuntan Madarumfa

Masuntan tabkin Madarumfa sun san tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa. Amma can cikin teku akwai wani kifi wanda ya ninka babban giwan ruwa fiye da sau goma wajen nauyi. Faransawa suna kiransa kifin wata, masana kuma suna ce masa Mola. Dangin talibambam ne, kifin nan na kogin Kwara mai kumbura ciki, kuma haƙoransu duka biyu a haɗe suke kamar bakin aku.

Siffarsa abin al'ajabi ce. Jikinsa faffaɗa ne kamar faifai, ba shi da wutsiya irin ta sauran kifaye, sai dogayen fikafikai biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, da su yake iyo. Tsawonsa yakan wuce metir 3. A shekara ta 2021 an sami mushen wani a kusa da tsibiran Azores na ƙasar Fotugal, aka auna shi ya kai kilo 2,744. Ba a taɓa auna kifi mai ƙashi da ya fi shi nauyi ba.

Yakan nutsa cikin ruwa mai zurfi da sanyi don neman abinci, wato ƙananan kifaye da wasu halittun teku masu taushin jiki. In sanyi ya kama shi sai ya taso ya kwanta da gefe bisa ruwa yana shan rana. Wani lokaci tsuntsaye sukan sauka a kansa suna tsince masa ƙwarin da suka manne a fata.

An ƙiyasta cewa mace guda tana iya ɗaukar ƙwai miliyan 300. Ɗan da aka ƙyanƙyashe kuwa bai kai ƙwayar shinkafa tsawo ba, kuma ƙalilan ne suke rayuwa har su girma. Duk da yawan ƙwan nan, a shekara ta 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa shi cikin jerin waɗanda yawansu ke raguwa, saboda yana faɗawa cikin tarun da aka kafa wa wasu kifaye.

A nan ne darasin yake. Karfasar Madarumfa ba ta da miliyoyin ƙwai. Ɗaruruwa ne, ko dubu da wani abu, uwar tana riƙe da su cikin bakinta har su ƙyanƙyashe. Tabkin kuma ƙarami ne, ruwansa na janyewa da rani, yashi na cike shi. Idan taru ya iya rage kifin teku mai ƙwai miliyan 300, ina ga na tabki?

Saboda haka ya wajaba masunta da ma'aikatan gandun daji su haɗa kai, a daina amfani da koma mai ƙananan idanu, a bar ƴaƴan kifi su girma su hayayyafa. Masuncin da ya maida ƙaramin kifi cikin ruwa bana, shi ne zai kama babba baɗi.