Daga Ina Wayar Android Ke Samo Lokaci?

A Magama, bakin iyakar Jibiya, waya kan saki layin Najeriya ta kama na Nijar, amma agogonta ba ya canzawa, domin lokacin ƙasashen biyu ɗaya ne.

Asali ma waya ba ta san ƙarfe nawa ba. Linux, wanda aka gina Android a kansa, daƙiƙoƙi kawai yake ƙirgawa tun 1 ga Janairu 1970. Duk manhajar da ke son lokaci sai ta roƙe shi. A yaren Assembly na ARM64 roƙon gajere ne: a zuba 113, lambar clock_gettime, a rajistar x8, sifili a x0, adireshin ajiye amsa a x1, sannan svc #0. In x0 ta dawo ƙasa da sifili, an samu kuskure. Nan masu koyo ke yin sakaci, sai rasit ɗin kuɗi ya fito da kwanan wata na bogi.

Wayoyi masu 32-bit, irin masu arha da suka cika kasuwa, suna da wani wa'adi. Ranar 19 ga Janairu 2038, ƙarfe 4:14 na asuba agogon Jibiya, ma'ajin daƙiƙoƙinsu zai cika, lissafi ya koma 1901.