Daga Kafanchan zuwa Abijan kallon Super Eagles: abin da za ka tanada kafin ka kama hanya

Duk wanda ke zaune a Agege, Idi-Araba, Sabo ta Badun ko Shagamu ya san irin wannan kiran waya. Ƙane ne ko ɗan ɗan'uwa daga gida, daga Kafanchan, Kagoro, Zonkwa ko Gidan Waya, yana cewa: "Yaya, ga ni nan tafe, zan kwana wajenka in wuce kallon ƙwallo." A tunaninsa daga Legas zuwa Abijan kamar daga Kafanchan zuwa Jos ne. In abu ya lalace a hanya kuwa, kai da ka saukar da shi kai za a kira, kai za ka yi wa iyayensa bayani.

Abijan nake magana a kai domin ita ce birnin da ƙwallo ta fi kai 'yan Najeriya a 'yan shekarun nan. A gasar cin kofin nahiyar Afirka da aka buga a Kwaddibuwa daga 13 ga Janairu zuwa 11 ga Fabrairu 2024, wasa shida cikin bakwai da Super Eagles ta buga a Abijan aka yi su. Bayan gasar ma ba a rabu ba, domin Jamhuriyar Benin ta mayar da Abijan gidanta na wucin gadi: can ta ci mu 2-1 a watan Yuni 2024, can kuma aka tashi 1-1 a watan Nuwamba. Kuma duk abin da zan faɗa a nan ya shafi mai zuwa Kwatano, Lome ko Akra, tunda hanya ɗaya ce.

Mu fara da takardu, don a nan ne yawancin tafiye-tafiyen ke mutuwa tun ba a je ko'ina ba. Gaskiya ne ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasar ƙungiyar damar shiga wata ya zauna har kwana 90. Amma rashin biza daban, rashin takarda daban. Sai kana da fasfo mai rai ko takardar tafiya ta ECOWAS wadda hukumar shige da fice ke bayarwa. Katin zaɓe, lasin tuƙi ko takardar NIN da aka yi wa leda ba za su tsaya maka ba. Mai neman sabon fasfo ya duba tun da wuri cewa sunansa da ranar haihuwarsa sun yi daidai da abin da ke cikin NIN ɗinsa. Mu da ake rubuta wa Muhammad a nan, Mohammed a can, Mamman a takardar makaranta, wannan kaɗai kan ci makonni.

Sai katin rigakafin cutar shawara, wanda kowa ke kira yalo kad. Wannan ba irin na alƙalin wasa ba ne, shi in ba ka da shi ne ake korar ka. Jami'an lafiya na tashoshin shiga ƙasa ne ke bayar da shi, kuma tun 2019 ta intanet ake biyan kuɗinsa, yana ɗauke da lambar da za a iya tantancewa. Abin da mutane ba su sani ba shi ne katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Wanda ya yi allura ranar Litinin ya kama hanya Laraba, katinsa bai nuna ba tukuna. Daɗin abin, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Wani yaron unguwarmu ya taso tun daga Kafanchan a lokacin gasar 2024, da rigarsa kore da fari, da kuɗinsa na wata huɗu da ya tara a sana'ar acaɓa. Wani a tasha ya sayar masa da kati ba allura. A boda ta farko aka duba aka ga na bogi ne. A gidan kallo a Agege ya ga wasan Kamaru, kuma kuɗin motarsa bai dawo ba.

Hanyar kanta kashi biyu ce, kuma kashin farko bai fi na biyu sauƙi ba. Daga Kafanchan mutum zai bi ta Kwoi ya faɗa Keffi, ya shiga Abuja, sannan Lokoja, Okene, har Legas. Tsawon wannan kusan ɗaya yake da na Legas zuwa Abijan, wanda ya ɗan haura kilomita 1,000. Kakanninmu jirgin ƙasa ne ya kawo su kudu, lokacin da Kafanchan ke mahaɗar layin dogo, yanzu kuwa sai mota. Shawarata a yi wannan kashin da rana, a kwana a Abuja in ta kama, kowa ya san halin da hanyoyin nan suke ciki da dare. In ya iso wajenka ka bar shi ya huta kwana ɗaya cur. Kada a sauko daga wannan mota a hau waccan.

Daga Legas kuwa ƙasa biyar za a taka, boda huɗu za a tsallaka. Ta Badagry za a fita zuwa Seme a shiga Benin, a ratsa Kwatano zuwa Hillacondji a shiga Togo. Togo siririya ce a bakin teku, kafin ka gyara zama ka kai Lome, kuma bodar Aflao ta shiga Ghana a jikin birnin take. Ghana ce doguwa: Akra, Cape Coast, Takoradi, har Elubo. Ka haye gada ka sauka Noé, ka shiga Kwaddibuwa ke nan, saura Aboisso, Grand-Bassam, sai Abijan. A kowace boda sau biyu ake buga maka hatimi, na fita da na shiga. Ka buɗe fasfonka ka gani da idonka kafin mota ta tashi, domin hatimin da aka tsallake a tafiya shi zai tsare ka a dawowa. Ba tsawon hanyar ke cin lokaci ba, tsayuwar boda ce. Wanda ya ba tafiyar nan ƙasa da kwana biyu yana wasa da tikitinsa.

Akwai dogayen bas da ke tashi daga wajejen Jibowu da Mile 2 su bi gaɓar tekun nan, akwai kuma masu yin ta guntu-guntu, daga boda zuwa boda a ƙananan motoci. Guntu-guntun ya fi araha a baki, amma ga baƙon da bai taɓa fita ba ni doguwar bas nake zaɓa masa, don ma'aikatanta sun saba da bodojin. Abu ɗaya kuma da ba na sassauci a kai: kada ka karɓi saƙon kowa. Ko dattijo ne mai carbi ya ce ƙullin magani ne za ka miƙa wa ɗansa a Lome, ka ba shi haƙuri. In aka buɗe aka ga tiramadol, kai ne mai kaya. Haka nan wandon nan mai zanen kakin soja da samari ke so, a bar shi a gida, kuma kada a ɗaga waya ana hoton boda ko shingen jandarma.

Kuɗi kala uku za ka taɓa. Naira ta ƙare aiki da zarar ka wuce Seme, sai sefa a Benin da Togo, sai sidi a Ghana, sai sefa kuma a Kwaddibuwa. Sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya, shi ya sa ba ta tangal-tangal irin na naira. Ka yi canjinka a Legas wajen ɗan canjin da ka sani, ka nemi ƙananan takardu, kuma ka raba kuɗin gida biyu ko uku a jikinka. A lura, sefa iri biyu ce. Ta Kamaru da Chadi daban take da ta yammacin Afirka, ko da yake darajarsu ɗaya, kuma mai shago a Abijan ba zai karɓi ta Kamaru ba. Kada ka dogara da katin bankinka na naira, sai ka tambayi bankin tun kana gida ko yana aiki a waje.

Ga wani abu da ke rikita Bahaushen Najeriya ko da ya samu mai jin yarensa. 'Yan'uwanmu na Nijar, waɗanda su ne da yawa daga Hausawan Abijan, da dala suke lissafi, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. In mai shayi ya ce maka dala ashirin, sefa 100 yake nufi. Dala ɗari sefa 500 ce, jika ɗaya kuma sefa 1,000. Dioula, masu yaren kasuwar garin, su ma da biyar-biyar suke ƙirga. In ka rikice ka miƙa masa waya ya rubuta lambar, ba abin kunya ba ne.

Maganar Hausawa ta kawo mu ga abin da ya fi komai amfani a tafiyar nan, wato mai masauki. Mu da ke zaune a kudu mun san darajar wannan, don da yawanmu haka muka zo: da sunan mutum ɗaya a baki, aka kai mu gidan Sarkin Hausawa ko masallacin unguwa. Wannan igiyar ba ta tsinke a Seme ba. Akwai Zongo a Kwatano, akwai a Lome, akwai Nima da Mamobi da Sabon Zango a Akra, a Abijan kuma za ka ji Hausa a Adjamé da Treichville. Kafin yaro ya tashi, ka shiga cikin 'yan goro, 'yan canji da direbobin unguwarku, da wuya ka rasa mai ɗan'uwa a can. Ka karɓi lamba, a yi magana, a san da zuwansa. A lokacin gasa kuɗin otal kan tashi, amma ba don arha kaɗai nake faɗa ba. Mai masauki ne zai gaya maka unguwar da ba a shiga da dare, shi zai je in 'yan sanda sun riƙe ka, shi ke jin Faransanci. In za ka je, kada ka tafi hannu rabbana. Citta busasshiya ta Kachia ko ɗan kilishi sun isa tsaraba. Ka kuma rubuta lambarsa da ta ofishin jakadancin Najeriya a takarda, saboda waya na iya mutuwa ko ta ɓata.

Abinci ba zai ba ka wahala ba. Ka nemi garba, wato attiéké, wani irin dambun rogo, da soyayyen kifi da barkono. Sunan ma namu ne, daga Garba, don 'yan Nijar ne suka shahara da sayar da shi. Akwai alloco, soyayyar ayaba, akwai tsire da balangu da suke kira choukouya. Wuraren cin abinci na bakin titi da ake kira maquis kuwa, da yawansu ana sayar da giya da naman alade, sai Musulmi ya tambaya kafin ya zauna. Wanda ya baro sanyin hunturun Kagoro a Janairu zai tarar da zafi mai gumi, a sha ruwan gora sosai. A sayi layin waya na can, MTN ko Orange ko Moov, da fasfo ake rajista. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne, sai a tafi da abin haɗi.

To, ranar wasa. Fara da agogo: Benin lokacinmu ɗaya, amma daga Togo zuwa Kwaddibuwa suna bayanmu da awa ɗaya. Wasan ƙarshe na 11 ga Fabrairu da ƙarfe 8 na dare aka fara a can, mu a nan 9 ta yi. Sannan ka tabbatar da filin, domin biyu ne kuma ba kusa suke ba. Filin Félix Houphouët-Boigny, wanda 'yan gari ke kira Félicia, a Plateau yake tsakiyar birni, can Lookman ya ci Kamaru biyu ya ci Angola ɗaya. Filin Alassane Ouattara mai cin mutum 60,000 kuwa a Ebimpé yake, bayan gari ta arewa wajen Anyama, kuma cunkoson hanyarsa ba a magana. In ka ce wa direban gbaka, ƙaramar bas ɗinsu, ya kai ka "filin ƙwallo" kawai, Allah kaɗai ya san inda za ka sauka. Gasa kuma takan ɗaga ka daga gari gaba ɗaya: wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu a Bouaké aka buga shi ranar 7 ga Fabrairu, tafiyar kusan kilomita 350 daga Abijan. A ajiye kuɗin irin wannan, kuma kuɗin komawa gida a ware shi daban, kada a taɓa ko wasa ya kai ina.

Tikiti a saya a hannun masu shirya wasan, ba wajen yaron da ke raɗa maka a bakin ƙofa ba. Ka shiga fili awa biyu ko uku kafin a take. Ba tsoro nake ba ka ba, abin ya faru: a 29 ga Maris 2009 mutum 19 suka mutu a turmutsutsu a Félicia ɗin nan, ranar wasan Kwaddibuwa da Malawi. A Yawunde mutum 8 suka rasu a ƙofar filin Olembe a Janairu 2022, a Akra kuma sama da 120 a watan Mayu 2001. In ka ga an cushe a ƙofa ana turawa, ka ja baya ka bar su, ko da za ka rasa rabin farko. Mai hawan jini ya tafi da maganinsa a aljihu, don a daren wasan Afirka ta Kudu da aka kai bugun fenareti an ba da rahoton mutuwar 'yan Najeriya da dama suna cikin kallo.

Sai zama da masu gida. Mutanen Abijan suna da barkwanci da tsokana, kuma bayan Kessié da Haller sun rama ƙwallon Troost-Ekong sun ɗauki kofi, ɗan Najeriya ya sha ta a titi har gari ya waye. In ka ci, ka yi murnarka a cikin 'yan'uwanka, kada ka bi unguwar mutane kana musu gwalo. In aka ci ka, ka yi dariya ka ce musu barka. Ka sa wata riga a jaka da za ka ɗora kan kore da farin in an tashi, ku fita a ƙungiya, kuma ku sa wurin haɗuwa tun kafin ku shiga, domin a bakin fili layin waya kan cushe, kira ba ya shiga.