Wa Zai Zana Ƙasar Kano a Jikin Tangaran?

A can ƙuryar arewacin tekun Atlantika akwai wani tsibiri da ake kira Aisland. Ƙasa ce mai tsananin sanyi, ba ta da dazuzzuka na a zo a gani, kuma kusan duk inda ka taka narkakken dutse ne da ƙasa ta amayar, ya huce ya daskare. Har yau aman bai tsaya ba. A 1963 wuta da toka suka ɓarke daga ƙarƙashin teku a kudancin ƙasar, suka yi ta fita har sabon tsibiri ya tsaya a kan ruwa, aka raɗa masa suna Surtsey. Wanda ya tashi a irin wannan wuri, baƙin dutse mai ƙananan huji shi idonsa ya fi sabawa da shi.

A 1958 wani gwanin fasaha mai suna Ragnar Kjartansson da abokansa suka buɗe wata ma'aikatar kayan yumɓu a babban birnin ƙasar, suka sa mata suna Glit. Abin da ya fito da sunanta shi ne sun koma ga wannan baƙin dutse da kowa ke takawa ya wuce. Sai su farfasa shi, su manna a jikin tulun fure ko faranti, su zuba ruwan sheƙi ja ko shuɗi ko ruwan ƙasa a tsakani, sannan su gasa. In ya fito daga wuta, kana gani ka san daga inda ya zo: ga baƙin dutse mai kaushi, ga jan ruwa na malala a tsakiyarsa. 'Yan ƙasa suka saya don ado, baƙi suka saya don tsaraba.

To, mu leƙa ɗakin amarya a Kano. Bahaushiya ba baƙuwar ado da kwanuka ba ce. Kakanninmu sun yi jere da ƙorai da tasoshi, iyayenmu suka yi da langa da samira da fanteka, yanzu kuma kabet ce cike da faɗi-ka-mutu. Magina ma ba a bar su a baya ba, domin a tsofaffin soraye na Kano da Zariya za ka ɗaga kai ka ga an dasa tasa ko faranti a daidai inda bakan gizon rufi suka haɗu. Kasuwar kayan ado na tangaran ke nan, tana nan da ranta, kuma kowace ranar jere sai an kashe mata kuɗi. Amma ɗauki farantin ka juya bayansa, za ka ga yawanci daga Sin ya zo. Juyo gabansa, furanni ne da ba sa fitowa a ƙasarmu. Babu Dala a jiki, babu badala, babu kuka ko giginya, babu dagi.

Ba rashin hannu ne ya jawo haka ba. Magina tukwane na Dawakin Tofa, da na Hunƙuyi kusa da Zariya, da na Mirya kusa da Damagaram, sun gaji sana'ar kaka da kakanni. Suna ginawa da hannu, su goge jikin tukunya da dutse mai santsi, wasu su shafa ƙasa mai ƙyalƙyali, wasu su yayyafa ruwan makuba tun tukunyar na da zafi don ta yi duhu ta yi ƙarfi. Inda gizo ke saƙar shi ne wuta. Matoyarmu ta gargajiya, wadda ake hurawa da kara da ciyawa da kashin shanu, zafinta bai cika wuce digiri 900 ba. A wannan zafin yumɓu yana gasuwa amma jikinsa na nan da ƙofofin da ido ba ya gani. Shi ya sa randa ke tsatsafo, kuma wannan tsatsafon ne ke sanyaya ruwa. Tangaran kuwa yana son digiri 1,200 zuwa 1,300, inda yumɓun zai fara narkewa ya haɗe, ruwan sheƙin da aka shafa masa ya zama gilashi. Tazarar da ke tsakanin randa da farantin kabet ke nan.

An taɓa tsallake wannan tazara a Arewa, kuma shaidar tana cikin aljihun mai karatu. Matar da ke bayan takardar naira 20 tana gina tulu ita ce Ladi Kwali, Bagwariya daga garin Kwali. Tun kafin Turawa su san da ita, Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana tara tulunanta a gidansa. A nan wani Bature ɗan Ingila, Michael Cardew, ya gan su. Shi ne gwamnati ta ɗauka aiki, ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a farkon shekarun 1950. Ladi ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko. Ta koyi juya yumɓu a kan faifai, amma ba ta yar da ginin hannu ba, ba ta kuma yar da zanenta ba: ƙadangare, kunama, kada, hawainiya, maciji, kifi, tsuntsu. Duk abin da ke yawo a dajin garinsu ta ɗora shi a jikin tulu. Sai a cike layukan zanen da farar ƙasa, a rufe da ruwan sheƙi, a sa a tanderu mai tsananin zafi.

Akwai abin lura a nan. Tulun da aka yi wa haka ya daina zama tulun ruwa. Ya yi nauyi, ya daina tsatsafo, ba ya sanyaya komai. Wasu masana na ganin an raba shi da amfaninsa. Ni a ganina ya canza kasuwa ne, daga bakin rijiya zuwa zauren nuni. An baje ayyukanta a Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, kuma yau gidajen tarihi na duniya suna alfahari da mallakar tulunta. Abin da mutanen Glit suka yi da dutsensu, shi Ladi ta yi da dabbobin dajinsu. Cardew kuma, wanda ya bar aikin a 1965, ya nace a kan cewa kayan haɗi su fito daga ƙasar nan, har ya rubuta littafi a kai mai suna Pioneer Pottery, wanda ya fito a 1969.

Mene ne ma ruwan sheƙin nan? Gilashi ne da ake narkarwa a jikin yumɓu. Yana buƙatar sinadarin da ke cikin yashi, wanda ake kira silika, da wani abu da zai taimaka masa ya narke da wuri, kamar toka, da ɗan yumɓu da zai hana shi tsiyayewa. Launi kuma daga ƙarafan da ke cikin ƙasa yake zuwa. Tsatsar ƙarfe, wadda ita ce ta sa ƙasarmu ta yi ja, tana ba da ruwan ƙasa ko baƙi, kuma in aka rage wa tanderu iska sai ta koma kore-kore.

Yanzu a duba abin da ke kewaye da mu. Dala da Goron Dutse tama ce a jikinsu, ita ta jawo maƙera suka zauna a wurin fiye da shekara dubu da ta wuce. Farar ƙasar da ake yin tangaran da ita tana nan a Ƙanƙara ta jihar Katsina da Alkaleri ta jihar Bauchi. Garin dutse yana zube a wuraren fasa dutse. Hatta dutsen aman wuta ba sai mun je tsakiyar teku nemansa ba. Tudun Biu a jihar Borno baƙin dutse ne irin na Aisland, kuma Tafkin Tila yana zaune ne a bakin wani tsohon dutsen aman wuta da ya mutu. Masana duwatsu na haɗa wannan tudu da jerin tsaunukan da ya taso daga tsibiran Annobon da Sao Tome da Bioko, ya bi ta Dutsen Kamaru. A cikin jihar Kano kanta, sun ce duwatsun Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza, saiwar wani dutse mai aman wuta ce da zamani ya cinye samansa. Baƙin dutse irin na Biu in aka niƙa shi lukui aka shafa, shi kaɗai yana narkewa a tanderu ya ba da sheƙi mai duhu.

Wanda ya fi burge ni shi ne ɓuntun shinkafa. Masana'antun casar shinkafa sun yawaita a Kano, har da Challawa, kuma ɓuntu tsibi-tsibi suke fitarwa. Tokarsa kusan duk silika ce. Magina tukwane na Japan sun daɗe suna haɗa wani farin ruwan sheƙi mai kauri da ita, mu kuwa neman inda za mu zubar muke yi.

Nan ne rukunin masana'antu na Kano suka shigo cikin zancen. Bompai ce ta farko, tun zamanin Turawa, Sharada da Challawa suka biyo baya. Sun san saƙa, sun san jima, sun san roba da kwano. Bokitin roba da butar roba da suke fitarwa na cikin abin da ya ture tulu da butar ƙasa daga tsakar gida, kuma ba laifin kowa ba ne, roba ba ta fashewa. Amma duk wanda ya zaga waɗannan unguwanni ya ga ɗakunan da aka garƙame tun da wutar lantarki ta gagara, saƙa ta durƙushe. Ma'aikatar kayan ado na yumɓu ba ta buƙatar fili mai yawa: injin niƙa, wurin jiƙa yumɓu, faifan juyi, da tanderu mai aiki da iskar gas. Makamashi shi ne babban kuɗin, shi ya sa bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, ya shafi wannan sana'a kai tsaye.

Kada a ruɗi kai. Ƙaramar ma'aikata a Sharada ba za ta iya gasar araha da farantin Sin ba, wanda ake bugawa dubu-dubai a rana. Wanda ya shiga wannan kokawa zai sha ƙasa. Abin da Sin ba ta da shi shi ne jan Dala, da shuɗin marinar Ƙofar Mata, da farin hazon hunturu, da zanen da magina ke yi a fuskar zaure. Tayil na ado don otal da masallaci, tulun fure, kaskon turaren wuta mai kyau, farantin bango, tsarabar da baƙo zai ɗauka a filin jirgi ya ce daga Kano take, nan kasuwar take. Ma'aikatar tukwane ta Maraba kusa da Kaduna da ta Bwari a Abuja sun nuna ana iyawa, sashen zane-zanen masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello kuma yana yaye ɗaliban da suka karanci wannan fanni.

Gargaɗi guda ya zama dole. Akwai hanyar gaggawa ta sa ruwan sheƙi ya narke a ƙaramar wuta, wato zuba dalma a ciki. Kwanon da aka yi wa haka yana sakin guba a abinci, musamman mai tsami. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu. Duk mai son shiga sana'ar nan ya nisanci dalma, mai saye kuma kada ya ci abinci a kwanon ado da bai san haɗinsa ba.

Masu hannu da shuni na Kano da ke da rufaffun ɗakuna a Bompai ko Sharada, ku ware guda ɗaya, ku kafa tanderu, ku haɗa ɗalibin da ya san awon sinadari da maginiyar Dawakin Tofa da ta san yumɓu, kuma sunanta ya fito a bayan duk abin da ta gina. Iyayen amare kuma, in kayan sun fito kasuwa, ku ba su gurbi a kabet.