Yadda Ruwa Yake Ƙirga Watanni a Kwaciri

Da asubar watan Janairu akwai wani ɗan jinkiri da duk mai alwala a Kwaciri ya sani. Mutum ya tsuguna, ya karkata butar da ta kwana a tsakar gida, ruwa ya taɓa yatsunsa, sai ya janye hannu ya ja numfashi. Ruwa ya yi ƙanƙara, in ji mutane, ko da yake sanyin Kano bai kai na daskarar da ruwa ba. Daren hunturu yakan sauko zuwa wajen digiri 13 a ma'aunin Salshiyas, kuma ɗan ruwan buta ba shi da inda zai ɓuya wa iska. A gidan da ke da rijiya kuwa, wanda ya zura guga a wannan lokaci zai jawo ruwa mai ɗumi, har yara su riƙa rige-rigen wanke fuska da shi.

Kwaciri mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Fagge, kamar Rijiyar Lemo da Yammata da Sabon Gari. Unguwa ce mai yawan jama'a, inda ruwa yake shigowa gidaje ta hanyoyi dabam-dabam: rijiyar gida, rijiyar burtsatse, tankin da aka ɗora a sama, da kurar 'yan garuwa mai ɗauke da jarkoki. Kowane ruwa da halinsa, kuma matan unguwa sun san halin kowanne ba tare da ma'auni ba. Tafin hannu ya ishe su.

Tsofaffi sukan ce rijiya tana ɗumi da hunturu, tana sanyi da bazara. Abin da hannu yake ji ke nan, amma rijiyar ba ta sauya sosai ba. Zafin rana da sanyin dare ba sa ratsa ƙasa su yi nisa. In an nutsa mita kaɗan, ƙasa tana riƙe da matsakaicin zafin shekara duka, wanda a Kano yake wajen digiri 26. Da asubar Janairu, ruwa mai wannan zafi ya fi iska ɗumi nesa ba kusa ba. Da azahar ɗin Afrilu, lokacin da iska take kai wa digiri 40, shi wannan ruwan ne dai ake kurɓa ana hamdala.

Bazara ita ce lokacin da tanki yake nuna halinsa. Baƙar roba ce a saman gini, rana tana dukanta tun hantsi, kafin la'asar ruwan famfo ya zama kamar an sauke shi daga murhu. Don haka uwargida takan tari ruwanta tun da sassafe ta cika randa. Randar tana can kusurwar da rana ba ta kaiwa, gindinta binne cikin jiƙaƙƙen yashi, an rufe ta da faifai, moɗa a kife a kai. In ka shafa jikinta za ka ji danshi. Ruwa ne yake tsattsafowa ta ƙananan kafofin yumɓu, busasshiyar iska tana kwashe shi, yana tafiya da zafin na ciki. Shi ya sa randa ta fi yin sanyi a lokacin da iska ta bushe, da damina kuwa, in iska ta ƙoshi da laima a watan Agusta, sai sanyinta ya ragu. Wannan hikima ce Muhammad Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya ɗauka ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A shekarun 2022 zuwa 2024, da azumi ya faɗo cikin Maris da Afrilu, masu sayar da ƙanƙara sun yi ciniki, amma gidan da ke da randa bai taɓa rasa abin buɗa baki mai sanyi ba, ko da wuta ko babu.

Wanda ya yi ƙuruciya a Kano lokacin da kududdufai suke ko'ina, ya san wani abu kuma. In ka shiga kududdufi da rana, ruwan da ke ƙirjinka yana da ɗumi, na ƙafafunka kuwa sanyi ƙalau. Ruwa mai ɗumi bai kai mai sanyi nauyi ba, sai ya hau sama ya zauna, kamar mai a kan miya. Haka abin yake a manyan madatsun ruwa irin Tiga, wanda aka kammala a 1974. In hunturu ya zo ya sanyaya saman, sai na saman ya yi nauyi ya nutse, na ƙasa ya taso, su gauraya. Masu kiwon tarwaɗa a bayan gida su ma suna da nasu lissafi. Da sanyi ya shigo kifi yakan rage cin abinci, girmansa ya tsaya, 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe su yi ta mutuwa. Sai a lulluɓe kwamin da leda da dare, da safe a ƙara masa sabon ruwan burtsatse don ɗuminsa.

Can a ƙuryar arewa da ƙuryar kudancin duniya, inda rana takan yi watanni ba ta fito ba, tsarin yana juyewa. Ruwan daɗi ya fi nauyi a digiri 4. In ya yi sanyi fiye da haka sai ya rage nauyi, in ya daskare kuma ya yi iyo a sama. Don haka tafkunan arewacin Kanada da Sibiriya sukan shafe mafi yawan shekara a ƙarƙashin ƙanƙara mai kaurin kusan mita 2, mafi sanyin ruwa yana sama, mafi ɗumi yana ƙasa, kifi yana rayuwarsa a can. In gajeriyar bazararsu ta zo ƙanƙara ta narke, iska ta kaɗa tafkin, sannan ya sake rufewa. Da ƙanƙara nutsewa take yi, da tafkunan sun daskare tun daga gindi, babu abin da zai rayu a ciki.

A nahiyar Antatika akwai tafkin Vanda, wanda ƙanƙara mai kaurin mita 3 zuwa 4 take rufe da shi shekara da shekaru. Hasken rana yana ratsa ƙanƙarar ya isa ƙasa, inda ruwa mai gishiri sosai yake kwance. Saboda nauyinsa ba ya tasowa, sai ya riƙe zafin da ya samu. Masu bincike sun auna ruwan gindin tafkin sun same shi wajen digiri 25. Wato a ɗaya daga cikin wurare mafi sanyi a doron ƙasa, akwai ruwan da ɗuminsa ya yi kusa da na rijiyar Kwaciri. Can ƙanƙara da gishiri ne suke tsare shi daga iska, nan kuwa ƙasa ce.

Abin da ke damuna shi ne wannan sani yana raguwa a hannunmu. An cike kududdufai da yawa an yi gini a kansu, rijiyoyin gida da dama an rufe su, randa kuma tana komawa bayan ɗaki saboda firjin da ba ya aiki sai da wuta. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Yaron da ya tashi bai san ruwa ba sai na leda da na tanki, ba zai gane cewa ƙasar da yake takawa tana ajiye masa ɗumi don hunturu da sanyi don bazara ba.

Amma har yanzu akwai gidajen da abin bai ɓace ba. Da asuba za ka ji ƙarar guga tana bugun bangon rijiya, jika yana jan igiya, kaka tana zaune a bakin ƙofa cikin mayafi tana jira. Ya zubar da na butar da ya kwana, ya cika ta da sabon ja, ya ajiye a gabanta ya ce, Hajiya ga ruwa. Ta zuba a hannu, ba ta janye ba, ta yi bisimilla ta fara alwala.