Rediyon Mota Ya Ƙi Magana: Darasi Daga Kasuwar Libiya

Duk wanda ya san Omdurman kafin yaƙi, ya san Kasuwar Libiya da ke yammacin birnin, wadda ta samo sunanta daga hajar da fatake ke shigowa da ita ta hamada daga ƙasar Libiya. Ba baƙon wuri ba ne ga Bahaushe, domin 'yan'uwanmu sun daɗe a Sudan: wasu jikokin mahajjatan ƙasa ne, wasu kuma zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. A bakin kasuwar kuwa akan ga jerin ƙananan motocin haya da mutanen Khartum ke kira amjad, masu ɗaukar iyali guda da kayansu.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya ɗaiɗaita kasuwar, aka wawashe shaguna, aka kwashe motocin jama'a, har zuwa ƙarshen Maris na 2025 da sojoji suka sanar da karɓe ta. Magidancin da Allah ya sa motarsa ta tsira, ko ya yi fafutukar samun wata, ya san cewa abincin gidansa ke nan. Saboda haka kuskure a wajen ɗaura sabon rediyo ba ƙaramar magana ba ce. Darasin kuma ɗaya ne ga mai mota a Omdurman, Kano ko Maraɗi.

Me ke sa a sauya rediyon tun farko? Wani ya lalace, wani an cire shi, wani kuwa kaset kawai yake ci. Motar da aka yi don kasuwar Japan ma tana da tata matsalar: tsohon rediyonta yana kama zangon FM daga 76 zuwa 90 ne kawai, alhali tashoshinmu suna tsakanin 87.5 da 108.

To, idan sabon ya ƙi aiki, kada a yi garajen zargin mai shago. Sau da yawa ba a nan gizo ke saƙar ba. A wayoyi take. A yawancin rediyoyin kasuwa, wayoyi uku ne ke riƙe da ran na'urar. Rawaya tana ɗauko wutar batir dare da rana, ita ke sa ya tuna tashoshi da agogo. Ja ba ta samun wuta sai an murɗa makulli. Baƙa kuwa ana ɗaure ta ne a jikin ƙarfen mota. Sai dai a lura, waɗannan launuka na rediyon ne. Wayoyin motar suna bin tsarin kamfanin da ya ƙera ta. A gwada kowace da mita kafin a haɗa.

Kowace cuta tana da alamarta. In rediyo yana mance tashoshi duk lokacin da aka kashe mota, an musanya ja da rawaya. In bai mutuwa bayan an zare makulli, gari na wayewa kuma batir ya yi sanyi, an haɗa su biyun a kan wutar dindindin. In bai kawo haske ko kaɗan ba, a duba fiyus guda biyu: na bayan rediyon, wanda galibi mai amfiya 10 ne, da na akwatin fiyus na motar. In ana jin wani siririn kuka da ke ƙaruwa idan an taka totur, baƙar waya ce ba ta kama ba. A kankare fenti da tsatsa, a ɗaure ta tamau da noti. Lafiyayyen batir yana nuna kimanin bolt 12.6 a kashe, kusan 14 kuma idan inji na aiki.

Sai batun lasifika. Kowace tana da wayoyi biyu masu launi ɗaya, guda da ratsin baƙi: farare na gaba hagu, masu ruwan toka na gaba dama, koraye na baya hagu, masu ruwan shunayya na baya dama. In an juya na lasifika ɗaya, sauti zai fito ba kauri. Masu motar haya kan so ƙara lasifika don fasinjan baya ya ji, sai su jona biyu a layi ɗaya. Lasifika biyu masu om 4 in an jona su haka sun koma om 2, nauyin da ya fi ƙarfin yawancin rediyoyi. Sai ya yi zafi, ya riƙa ɗaukewa, ƙarshe ya ƙone.

Abin da ya fi duka hatsari shi ne fiyus. In ya ƙone, saƙo ne cewa wata waya ta taɓa ƙarfe. Wanda ya naɗe shi da zaren waya ko takardar gwangwani, ko ya sa wanda ya fi shi girma, ya sallami maigadi ne alhali ɓarawo yana cikin gida. Wayar ce za ta yi zafi a madadinsa, a bayan allon gaban mota inda ido bai gani. Ga zafin Khartum da kan haura digiri 40, yana saki gam ɗin salatif. Ga ƙura, ga gargadar hanya. Haɗin da aka murɗa da hannu kawai ba ya daɗewa. A yi masa dalma ko a matse shi da maɗauri, a rufe shi da kyau. Kafin a taɓa komai kuma, a cire kan batir mai alamar ragi.

Wanda zai kai wa mai wayarin aikin, ya ce masa: “Malam, don Allah a sa soket ɗin da ya dace da motar, kada a yanke mata waya.” Kafin a mayar da murfi, a kashe mota a sake tayarwa, a ga ko tashoshi na nan, a saurari kowace lasifika ita kaɗai, a taka totur a kasa kunne. Araha ba ta ado, rigakafi kuwa ya fi magani. Allah ya tsare mana dukiya da iyali, ya zaunar da Sudan lafiya.