Kanton: shayin safe, kifi da tarkon alade

Tun shekarar 1957 ake cin babbar kasuwar baje koli ta Kanton sau biyu a shekara. Ƴan kasuwar Maraɗi, Damagaram da Yamai da ke sauka wannan birni na kudancin ƙasar Sin, wanda masu shi ke kira Guangzhou, sun san hanyar mangaza da ta masu loda kwantena. Ƙaramin gidan abincin da ke bakin lungun otel ɗinsu kuwa, wuce shi suke yi da sauri, su nufi unguwar Xiaobei neman tuwo da shinkafa irin ta gida. Amma ranar da mai masana'anta ya gayyaci baƙonsa shan shayin safe, tilas a shiga, domin sau da yawa a nan ake sassauta farashin da ya gagara a ofis.

Wuri ne marar ƙawa: tabur shida ko takwas, kujerun roba, gasassun agwagi rataye a bayan gilashi, kifi na iyo cikin akwatin ruwa a bakin ƙofa. Kafin baƙo ya gyara zama an dire masa butar shayi da wata roba wadda ba kome cikinta. Zubin farko ba na sha ba ne. Da shi ake ɗauraye kofi, cokali da tsinkayen cin abinci, a juye cikin robar. In an zuba wa mutum shayi, sai ya ƙwanƙwasa tabur da yatsa biyu, godiyar ke nan. In buta ta ƙare, a karkata murfinta, mai hidima zai kawo ruwan zafi ba tare da an kira shi ba. Sukari kuwa babu ko ƙwaya, abin da ke ɗaure kan wanda ya saba da shayin Buzaye.

Daga nan ƙananan kwandunan gora za su fara zuwa suna suraci, kowane da loma uku ko huɗu a ciki. Su ake kira dim sam, kuma a nan musulmi zai buɗe ido. A harshen Sinanci, in an ce nama kawai ba a faɗi dabba ba, alade ake nufi. Yana cikin farin burodin da aka turara, yana cikin ƙullin da samansa jatan lande ne, yana cikin romon taliya. Har ganye wani lokaci da kitsensa ake soyawa. Ga giyar shinkafa da mai girki ke yayyafawa a kasko. Kaza da naman shanu ma ba yankan musulmi ba ne. Don haka cewa ba a cin alade ba ta wadatar ba.

Mafita ita ce akwatin nan na bakin ƙofa, tun da mazhabar Malikiyya ta halatta abin da ke rayuwa cikin ruwa. Mutum ya nuna kifin da yake so, a auna shi da ransa. Ma'auninsu rabin kilo ne, kuma mai hankali yana tambayar kuɗin kafin a tsamo. Cikin minti goma an turara shi da citta da lawashi, an kwarara masa ruwan waken soya da mai mai zafi. Ba yaji, ba daddawa, amma wanda ya saba da kifin Isa zai yarda cewa mutanen nan sun san darajar sabon kamu. A dai roƙi a bar giya, a haɗa da farar shinkafa da dafaffen ganye.

Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya nemi gidan abincin halal. Sai dai yawancin masu shi musulmin arewa maso yamma ne masu ja da taliya, girkinsu daban. Dim sam na naman shanu, yankan musulmi, an fi samunsa wajajen tsohon masallacin Huaisheng.

Biya na wanda ya yi gayyata ne. Baƙo ya miƙa hannu, a ture, ya haƙura. In shi kaɗai ya ci, ya tanadi salula, don mai gidan ya fi son Alipay ko WeChat da takardar kuɗi.