Wasa da Kunya a Finafinan Ban Dariya na Hausa

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce nuna tushen dariyar da ke cikin finafinan nan da ake kira camama. Idan mai kallo ya ga abokan gaba sun zama aminai, ko ya ga gida ya rikice, dariyarsa tana dogara ne a kan ƙa'idoji biyu na zaman Bahaushe, wato wasa da kunya.

Wasa

Bahaushe ya ware waɗansu mutane da ya halatta su tsokani juna ba tare da fushi ba. Akwai jika da kaka, da ɗan mace da ɗan namiji, da ƙanin miji da matar wa. Haka kuma akwai wasa tsakanin al'ummomi, kamar Kabawa da Katsinawa, ko Fulani da Barebari, da tsakanin masu sana'a, kamar masunta da mahauta.

Ƙasar Kabi ma ta ga yadda gaba ke komawa zumunci. A 1805 masu jihadi suka ci Birnin Kebbi, daga baya Kabawa suka kafa sarautarsu a Argungu, aka daɗe ana gwabzawa. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya masa su, wanda shi ne mafarin bikin kamun kifi na yanzu. Saboda haka mutumin Kabi ba baƙo ba ne ga labarin maƙiya biyu da suka ƙare da cin tuwo a akushi ɗaya.

Wannan 'yanci na tsokana shi 'yan wasa suka ɗauka. Usman Baba Pategi, wato Samanja, ya gina wasansa a kan soja mai gurɓatacciyar Hausa. Da aka shiga zamanin bidiyo bayan fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya shahara wajen kwaikwayon maganar ƙabilu da halayen masu sana'o'i.

Kunya

Ƙa'ida ta biyu kishiyar ta farko ce. Akwai waɗanda ba a wasa da su ko kusa, musamman surukai. Idan aka nuna magidanci yana satar nama a tukunya, sai ga surukarsa ta yi sallama, dariyar tana zuwa ne domin kowa ya san nauyin da ke tsakaninsu. Inda babu kunya, babu abin da za a keta, balle a yi dariya.

Kammalawa

To, amma wasan gargajiya yana da sharaɗi: wanda aka tsokana yana nan a wurin, yana da damar ramawa. A fim kuwa, wanda aka kwaikwayi harshensa ba ya da bakin mayar da martani. Idan har kullum ƙabila ɗaya ce wawa, wasa ya koma izgili ke nan. Ya kamata masu shirya finafinai su riƙa ba kowane ɓangare damar ramawa, mu kuma ɗaliban Hausa mu sa wannan ma'auni cikin nazarinmu.